Ɗan Ina Ne?

Sunan Unguwar Kanawa ta Kaduna kansa shaida ne cewa baƙi ne suka raya ta. Kaduna ma ai garin 'yan zuwa ne, tun da Turawa suka mayar da ita hedkwatar Arewa a 1917. Yau idan ka bi lungunan unguwar da sassafe za ka ci karo da ɗan ga-ruwa yana tura kura cike da jarkoki, ga mai shayi yana fifita gawayi, ga Buzu maigadi da rawaninsa a ƙofar wani gida. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. Ba mai tambayarsu takarda sai zaɓe ya ƙarato, zancen baƙin haure ya tashi, jami'an shige da fice su fita samame.

Aikin jami'an halal ne, kuma baƙo ba shi da hurumin riƙe katin zaɓe. Matsalar ita ce da wace alama ake gane baƙon. Bakatsinen Jibiya da Bamaraɗe harshensu ɗaya, kamanninsu ɗaya, wani lokaci kakansu ma ɗaya, ga shi dattawanmu da yawa a ɗaki aka haife su, babu takardar haihuwa.

Wanda yake ganin abin bai shafe shi ba, ya tuna da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman. A Janairun 1980 shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, ɗan jam'iyyar GNPP mai adawa da gwamnatin NPN ta Shehu Shagari. Ministan Harkokin Cikin Gida, Bello Maitama Yusuf, ya sa hannu a takardar kora, aka ɗauke shi daga Maiduguri aka tsallakar da shi Chadi, wai can ne ƙasarsu. Zaɓaɓɓen wakilin jama'a fa, ba mai tura kura ba! Babbar Kotun Maiduguri ta duba asalinsa, ta samu mahaifiyarsa 'yar Barno ce, don haka shi ɗan Najeriya ne ta haihuwa. Ta soke korar, ta ba shi diyya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, kuma a nan Kaduna, a 1982, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake tabbatar masa da ƙasarsa. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya hana korar ɗan ƙasa daga Najeriya ko hana shi shigowa.

Shugaba yana da lauyoyi da jam'iyya. Waɗanda guguwar 1983 ta kwashe ba su da kowa. A Janairun shekarar, kuɗin mai ya ja baya, zaɓe na tafe, gwamnati ta ba marasa takarda mako biyu su fice. Wajen mutum miliyan biyu suka tattara, kusan rabinsu 'yan Ghana, har jakar da suka zuba kaya ta samu sunan da muke kiranta da shi yau. Mu ma an yi mana: a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, Hausawan zango da dama suka bar gidaje da rumfunan goro.

Abin da maƙwabta za su iya bai fi ƙarfinsu ba. In an tafi da mutum, a fara sanin ofishin da aka kai shi, a sanar da mai unguwa, a nemi wanda zai shaide shi. Sashe na 35 na tsarin mulkin ya ce duk wanda aka kama a gaya masa dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma bai ware baƙo ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar koke kyauta. Sannan a kula da abin da ya bari, don kurar ɗan ga-ruwa ta haya ce, mai ita kuma ba ya jiran a gama bincike.

Nijar ta fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta, a kuma bar 'yan Nijar su shigo ba biza har sai an yanke wata shawara. Ya kamata limamin unguwa ya faɗi wannan bayan sallar asuba, kafin masu kura su watse.