Gubar Dalma da Mai Juna Biyu: Shin Man Zaitun da Man Riɗi Na Ba da Kariya?

'Yar'uwa, a ɗakin awon ciki ana yawan tambayarmu ko shan man zaitun, man riɗi ko man habbatus sauda yana wanke gubar dalma daga jiki. Tambaya ce mai kyau, domin maganar ta shafi rayuka biyu, naki da na abin da kike ɗauke da shi.

Yadda dalma ke ɓarna

Dalma takan shiga jiki ne ta baki ko ta numfashi. Daga hanji sai ta bi jini zuwa hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, sauran kuma ta kwanta a ƙashi shekara da shekaru. Idan ciki ya samu, takan fito daga ƙashin, ta ratsa mabiyiya ta isa ga jariri. Tana iya jawo ɓari, haihuwar bakwaini ko hawan jini. Alamominta sun haɗa da murɗawar ciki, taurin bayan gida, amai da ƙarancin jini, amma sau da yawa ba ta nuna alamar komai. A shekarar 2010, yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara, musamman a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje.

Gaskiyar maganar mai

Masana sun ba ɓeraye dalma tare da irin waɗannan mayuka, suka ga lahanin hanta ya ragu, domin akwai sinadaran da ke rage lalacewar ƙwayoyin jiki a cikinsu. To amma ɓera daban, mutum daban. Ba a tabbatar da cewa mai yana fitar da dalma daga jinin ɗan Adam ba. Mai fitar da ita magani ne na musamman, wanda likita ke bayarwa bayan gwajin jini. Shi aka ba yaran Zamfara, bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidajensu.

Saboda haka ki ci gaba da sa man gyaɗa, manja ko man riɗi a girki daidai kima. Kada ki riƙa shan mai cokali-cokali da sunan magani, musamman na habbatus sauda, sai kin tambayi ungozoma ko likita.

Abin da ya fi kare ki

Hanji ya fi tsotsar dalma idan ciki ba komai, ko idan jiki ba jini. Ki ci abinci a kan lokaci: wake, zogale, alayyafo, nono, ƙananan kifi, lemo da gwaiba. Ki sha maganin ƙarin jinin da aka ba ki kullum.

Ki guji cin farar ƙasa, da sa kwallin dutse a idonki ko na jariri, domin yawancinsa na da dalma. Kada a sayi mai a jarkar da aka taɓa zuba fenti ko baƙin mai.

Maigida, idan sana'arka haƙar zinariya ce, fenti ko gyaran batir, ka yi wanka ka sauya tufafi kafin ka shigo gida. Kada turmin daka hatsi ya taɓa dutse.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya shafi gidanku, ki faɗa mana a awo na gaba. Allah ya sauke ki lafiya.