Turkanci cikin jimla guda: «Tanut'tan darı aldım»

Ta Damargu ayarin Tarabulus, birnin da Turkawa suka mulka har 1911, yake ratsawa zuwa Kano. Yau kuwa 'yan kasuwa ke hawa jirgi zuwa Istambul, inda wanda bai jin harshen ke ciniki da bakin tafinta, ribarsa ta ragu.

Ma'anar jimlar: «Na sayo hatsi daga Tanut». Aikatau a ƙarshe yake zama: al «saya», dı shuɗaɗɗen lokaci, m «ni». Shi ko «daga» wutsiya ce manne da suna, tana sauyawa bisa sautin da ta tarar: Tanut'tan, amma Belbeji'den. Darı shi ne hatsi. In an sa sabun a gurbinsa, sabulu aka sayo.