Uraniyom da wutar lantarki a Nijar: abin dubawa daga Tondikandiya

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu duba tambayar da ɗalibai suka sha yi mana: tun da Nijar na haƙo uraniyom, me ya hana ta yin wutar lantarki da shi? Mun ɗauki Tondikandiya da ƙasar Kurfai a matsayin ma'auni, domin wutar da ta tsaya Yamai, ba ta kai Damana ko Filinge ba, ba ta biya bukatar ƙasa ba.

Kamfanin SOMAÏR ya soma fitar da uraniyom a Arlit a 1971, COMINAK kuwa a Akuta daga 1978 har zuwa rufe shi a 2021. Amma garin uraniyom da ake fitarwa ba makamashi ba ne tukuna. Ɓangaren da ke tsagewa ya ba da zafi, wato uraniyom 235, bai wuce kashi 0,7 bisa 100 ba, kuma sai an inganta shi zuwa kashi 3 ko 5 kafin a zuba shi cikin tukunyar nukiliya. Shekara da shekaru, har zuwa 2023, an riƙa kai garin tashar ruwa ta Kwatano, daga nan zuwa Faransa, inda ake wannan aiki, inda kuma nukiliya ke ba da wajen kashi biyu bisa uku na wuta. Su kansu ma'adinan Arlit da gawayin Anu Araren aka kunna su, ta hanyar SONICHAR, tun 1981.

Yammacin ƙasa ya dogara ne ga layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, wanda ke kawo wutar madatsar Kainji tun 1976. Da Najeriya ta yanke shi a watan Agusta na 2023, bisa takunkumin CEDEAO, wajen kashi 70 bisa 100 na wutar NIGELEC daga can take zuwa. Kowa ya ga abin da ya biyo baya. Ba mamaki in maganar nukiliya ta ƙara ƙarfi: akwai hukumar HANEA tun 2013, masanan AIEA sun zo bincike a 2018, an kuma sa hannu kan takardar fahimtar juna da Rosatom na Rasha a watan Yuli na 2025.

Wahala ta farko ita ce girma. A ƙa'idar injiniyoyi, kada tukunya guda ta wuce kamar kashi 10 bisa 100 na ƙarfin layukan da take ciyarwa, domin ranar da ta tsaya, ko don gyara ko don sauya makamashi, dole sauran tashoshi su cike gurbinta nan take, in ba haka ba duk layin ya faɗi. Kowace tukunya ta Al Daba'a, da Masar ta soma ginawa a 2022, megawat 1200 ce. Bukatar yankin kogi gaba ɗaya, ko a tsakiyar bazara, ba ta kai rabin wannan ba. Ke nan tasha irin wannan ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da layukan maƙwabta, wato a koma ga dogaron da ake gudu, sai dai wannan karo mu ne masu sayarwa. Ƙananan tukwanen da ake ta talla za su fi dacewa, amma kaɗan ne ƙwarai ke aiki a duniya.

Ta biyu ita ce ruwan sanyaya tukunya. Koeberg ta Afirka ta Kudu, tasha ɗaya tilo da ke aiki a nahiyar tun 1984, bakin teku take. Mu kuwa kogin Isa ne kawai, wanda ya daina gudu a Yamai a watan Yuni na 1985, kuma madatsar Kandaji, mai megawat 130, da za ta daidaita ruwansa, an daɗe ana jiran ta.

Ko an warware waɗannan, saura waya. Tashar nukiliya na ba da wuta mai yawa daga wuri guda, dare da rana, alhali ƙauyukan Dallol Boso a warwatse suke, bukatarsu kuma ƴar kaɗan ce: famfon rijiyar lambu, injin niƙa, firjin allurar rigakafi a ɗakin shan magani. Daga Yamai zuwa Filinge wajen kilomita 180 ne, kuma kuɗin turaku da taransifoma bai canzawa, ko da gawayi aka yi wutar ko da uraniyom. A ganinmu, cikin shekarun da ginin tasha zai ci, waɗanda da wuya su gaza goma, faifan hasken rana ne zai riga ta isa Damana.