Gilashin Waya: Inda Bambancin Farashi Yake Ɓuya

NGURU, Jihar Yobe. Duk wanda wayarsa ta fashe ya kai ta wurin masu gyara a Nguru ko Gashuwa, ya san tambayar da ake fara yi masa, wato mai tsada za a sa masa ko mai sauƙi. Sikirin biyu za a ajiye a gabansa, girmansu ɗaya, kamanninsu ɗaya, amma kuɗin ɗaya yakan ninka na ɗayan. Yawancin wannan bambanci yana cikin abubuwan da ido ba ya gani, kuma babba daga cikinsu shi ne shimfiɗar da take jin taɓawar yatsa.

A ƙarƙashin gilashin akwai wata raga ta layukan lantarki, wasu a tsaye wasu a kwance. Duk inda layi biyu suka gitta juna akwai ɗan caji kaɗan da ke tsakaninsu. Da yake jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, idan yatsa ya kusanto sai ya janye wani ɓangare na cajin, na'urar ta auna inda ya ragu, ta gane wurin da aka taɓa. Wani Bature mai suna E. A. Johnson ne ya fara bayyana wannan dabara a Ingila cikin 1965, domin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama, amma sai bayan fitowar iPhone a 2007 ta game duniya.

Matsalar injiniyoyi ita ce, wannan raga tana zaune ne tsakanin hoto da idon mai kallo. Ƙarfe yana ɗaukar lantarki amma yana tare haske, gilashi kuwa yana barin haske ya wuce amma ba ya ɗaukar lantarki. Maganin da masana'antu suka fi dogara da shi wani haɗi ne da ake kira ITO, wanda kusan kashi 90 cikin ɗari nasa daga ma'adinin indiyam yake, sauran kashi 10 kuma daga kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙa a Jos. Ana shimfiɗa shi siriri ƙwarai, har kaurin gashin kai ya ninka shi sau ɗaruruwa.

A nan ne cinikin yake. Idan aka ƙara masa kauri, lantarki zai gudu sosai, amma hoton zai dushe ya ɗan yi rawaya. Idan aka rage, hoton zai fito tas, amma sikirin zai yi nauyin ji. Bugu da ƙari, sai an yanka shimfiɗar gida-gida kafin ta zama layuka, kuma wurin da aka kankare da wurin da aka bari ba sa mayar da haske daidai wa daida. Shi ya sa a wasu wayoyin, idan aka karkata su cikin rana, ake hango wani zane kamar saƙar tabarma. Ana ɓoye wannan zane ta hanyar ƙara wasu siraran shimfiɗu masu daidaita haske, da kuma cike gurabun da aka kankare da gutsattsarin ITO waɗanda ba a jona su da komai ba. Kowane mataki kuɗi ne, kuma mai neman fitar da kaya da araha nan yake fara rage hannu.

A manyan sikirin, inda layukan suke da tsawo, akan bar ITO a koma ga ragar tagulla ko azurfa, mai zaren da bai wuce maikiron 2 zuwa 5 ba. Ita ma da tata illar. Duk wanda ya taɓa ɗora gidan sauro a kan wani ya ga yadda wasu igiyoyin inuwa suke bayyana. Haka yake faruwa idan ragar ƙarfe ta hau kan jerin ɗigogin da suke haɗa hoto. Don haka akan karkatar da ragar, ko a saƙa ta ba bisa tsari ɗaya ba, sa'an nan a baƙanta tagullar don kada ta yi ƙyalli.

Akwai kuma batun iska. Duk inda gilashi ya haɗu da iska, kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya faɗo yakan dawo. Sikirin da aka bar rata tsakanin gilashinsa da allon hoto yana da irin waɗannan fuskoki fiye da wanda aka manne da gam mai haske. A cikin ɗaki ba a cika lura ba. Amma a Gashuwa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 kuma rana take tsaye, mai wayar sai ya kare ta da tafin hannu kafin ya karanta saƙo, ga kuma ƙurar hunturu da take samun wurin shiga.

Manyan kamfanoni sun bi wata hanya, suka shigar da ragar cikin allon hoton kansa. Samsung ya yi haka a saman allonsa na Super AMOLED a 2010, Apple kuma ya sa ta a cikin allon iPhone 5 a 2012. Hoto ya gyaru, waya ta ƙara sirancewa, sai dai mai gyara ne ya ji a jikinsa. Da can yana iya canja gilashin taɓawa shi kaɗai, yanzu kuwa idan ragar ta lalace sai a canja allon baki ɗaya, abin da yake nufin ƙarin jari a kan kowane samfurin waya da zai ajiye wa kaya. Haka kuma ana sayar da allon LCD mai araha a madadin OLED, wanda ya fi kauri, ya fi cin batir, kuma na'urar karanta zanen yatsa da ke ƙarƙashin allo ba ta aiki da shi. Ba laifi ba ne a sayar da shi, muddin an gaya wa mai waya gaskiya.

Ta fuskar farashi, indiyam ba shi da mahaƙa tasa, ana samunsa ne wajen tace tutiya, kuma ƙasar Sin ce take fitar da fiye da rabin na duniya. A watan Fabrairun 2025 ta sa wasu kayayyakinsa cikin waɗanda sai da izini za a fitar. Duk da haka, abin da waya ɗaya take ci ɗan mitsitsi ne. Canjin kuɗi ya fi taɓa ɗan kasuwar Yobe, domin bayan an saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kayan da suka taso daga Shenzhen suka sauka a kasuwar Farm Centre ta Kano, kafin su iso Nguru, da Dala aka saye su, kuma tsadar ce take tura mai sari da mai saye zuwa ga mafi araha.

Wanda ya fi cutuwa shi ne mai sana'ar POS, wadda ta bunƙasa tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023, domin sikirin da yake danna abin da ba a taɓa ba yana iya sauya lambar asusu. Saboda haka ya kamata mai sari ya gwada kaya kafin a manna gam. A buɗe farin shafi a fita da shi rana a karkata, a duba rawaya da zanen tabarma. A ja layi da yatsa har bakin kowace kusurwa, a ga ko yana yankewa. Daga nan a jona caja a sake gwadawa, domin raga mai rauni takan rikice da hayaniyar lantarkin caja maras kyau, musamman a shagon da yake aiki da janareta.