Bambanci Tsakanin Mai Naƙali da Ɓarawon Magana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, mai karatu shi sani magana dukiya ce, tana da mai ita. Falke in ya ɗauki turmin wani ya kai marina aka sake masa launi, bai zama nasa ba. Haka almajirin da ya sake wa maganar wani malami lafazi, ya ɓoye sunan mai ita.

Wannan cuta ta daɗe. Shaihu Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, shi da ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, har littafi ya wallafa a kanta, Alfariƙu bainal Musannifi was Sariƙi, domin wani ya kwashi abin da ke cikin littattafansa bai ambace shi ba.

Sake lafazi ba shi ne laifin ba. Mafi yawan malaman Hadisi sun yarda a ruwaito da ma'ana, da sharaɗin mai ruwaya ya san harshe, kuma ya jingina maganar ga mai ita.

Hanyar koya wa almajiri wannan ita ce, in an biya masa karatu a zaure, sai ya rufe littafin ya faɗi ma'anar da Hausarsa, sa'an nan a buɗe a gwada. Misali, Risala ta hana mutum sayar da abincin da ya saya kafin ya karɓe shi, in da awo ko ƙirge ya saye shi, amma ban da wanda ya saya a tsibi. Almajirin da ya zubar da wannan togiya ya haramta wa ɗan kasuwa halalinsa, kuma in bai faɗi littafin ba, babu inda za a koma a gyara.

Sai a nuna masa alamun magabata. A littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, "intaha" tana nuna ƙarshen maganar wani, "ƙultu" tana nuna farkon tasa. Ƙanensa Abdullahin Gwandu kuwa ya rubuta Ida'un Nusuhi a 1812, ya lissafa malaman da ya ɗauki ilmi daga gare su.

Wanda ya ambaci malaminsa, girma ya ƙara wa kansa. Allah shi ne mafi sani.