Akwatin da ke sarrafa wutar mota: kada a yi gaggawar canza shi

Motocin da ke zuwa kasuwannin ƙauye yanzu ba irin na da ba ne. Tsofaffin direbobi sun san Peugeot 404 da 504, da Land Rover, da kamiyo Berliet. A cikin waɗannan motoci, waya tana tashi daga batir, ta bi ta makunni, ta isa fitila. Idan fitila ta mutu, ko karen mota yana iya bin wayar da hannu har ya gano inda ta tsinke.

A cikin Hilux da Land Cruiser na yanzu, da sauran katkat da manyan kamiyo, an saka wani ɗan akwati tsakanin makunni da fitila. Girmansa bai wuce na littafin karatu ba. Galibi yana ɓoye kusa da ƙafar direba, ko ta wajen kujerar mai zaman gaba. A motocin Amurka ana rubuta sunansa BCM. Kamfanin Peugeot yana ce masa BSI, Renault kuma UCH. Suna ne ya bambanta, aikin ɗaya ne.

Mene ne aikinsa?

Idan direba ya taɓa makunni, saƙo ne yake aikawa. Akwatin ne ke karɓar saƙon, shi ne ke sakin wuta. Fitilun gaba da na baya, fitilar juyawa, ƙaho, magogin gilashi, kullin ƙofofi, gilashin da ke hawa da sauka, duk suna hannunsa. A wasu motoci har makulli shi ne ke ganewa. Idan bai gane makullin ba, inji ba zai tashi ba.

Ba shi kaɗai ne akwati cikin mota ba. Inji yana da nasa, birki yana da nasa. Suna magana da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe tare. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da wannan dabara a shekara ta 1986, kuma Mercedes ta fara sa ta cikin mota a 1991.

Idan akwatin ya lalace, mota tana yin abin mamaki. Ƙaho ya yi kuka ba wanda ya taɓa shi. Magogin gilashi ya tashi da rana tsaka ba ruwa. Ƙofofi su kulle kansu. A ajiye mota lafiya da dare, da safe batir ya mutu. Wasu sukan ce sammu ne ko aikin iska. Ba sammu ba ne, wuta ce ta ɓata hanya. Kuma abin ba na wasa ba ne. Motar da fitilunta ke mutuwa da kansu ba ta ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare.

Me ke kashe shi?

Babban maƙiyinsa ruwa ne. Da damina direbobi suna faɗawa korama da gulbi, ruwa ya shiga har ƙarƙashin kujera. Yara masu wankin mota suna sheƙa bokiti cikin ɗakin direba. Ramukan da ke fitar da ruwan sama a gindin gilashin gaba suna toshewa da ƙasa da ganye, ruwan ya ɗiga kan akwati. Ba ranar yake mutuwa ba. Haƙoran da wayoyi ke shiga su ne ke yin tsatsa a hankali, su koma kore, bayan wata ɗaya ko biyu ciwon ya fito.

Sauran ɓarna hannun mutane ce. Ƙaramar mota tana aiki da bolt 12, babbar kamiyo galibi da 24. Wanda ya tada katkat da wutar kamiyo ya ƙona akwatinsa da kansa. Haka wanda ya juya wayoyin batir, ja ta tafi wurin baƙa. Haka mai walda da ya yi aiki jikin mota bai cire batir ba. Akwai kuma masu ƙara fitilu da lasifika, suna yanke duk wayar da suka gani kusa.

Sai maganar fuzibil, wato ɗan ƙarfen nan siriri da ke ƙonewa idan wuta ta yi yawa. An yi shi ne don ya mutu ya ceci akwati. Wanda ya maye shi da waya ko da takardar kwalin taba ya kori mai gadi ne daga ƙofar rumbu.

A fara duba abu mai araha

Nan ne masu mota da yawa ke asarar kuɗi. Makanike ya ga fitilu suna hauka, nan take ya ce akwati ne. A sayo sabo, a ɗaura, ciwon yana nan. Don batir mai rauni yana kawo irin waɗannan alamu. Wayar mas da ta saki jikin ƙarfen mota ita ma haka. Motar da ke dakon gero da wake kuwa ba ta rabuwa da ɓera, ɓera kuma yana cin waya.

Saboda haka a auna batir tukuna. Mai lafiya yana nuna wajen bolt 12,6 idan inji yana kashe, wajen 14 idan inji yana aiki. A duba fuzibil ɗaya bayan ɗaya. A kwance wayar mas, a kankare, a ɗaure da kyau. A zare wayoyin akwati a ga ko akwai laima ko tsatsa. Bayan nan sai na'urar bincike. Akwai wata kafa mai rami 16 ƙarƙashin sitiyari, nan ake jona ta. Amurka ta wajabta wannan kafa tun 1996, Turai kuma daga 2001. Makanike da bai jona na'ura ba, ya ce a sayo akwati, cinta ce kawai yake yi da kuɗin wani.

Idan ya tabbata akwatin ne

Kama da wane ba ta wane. Akwati biyu suna iya zama iri ɗaya a ido, cikinsu dabam. A jikin kowane akwai takarda mai lamba. Ita mota tana da tata lamba mai haruffa da alƙaluma 17, tana rubuce cikin takardun mota. A kwafe lambobin biyu daidai, kada a tsallake ko ɗaya, a tafi da su wurin mai sayarwa. Wanda ya koyi rubutu a cibiyar yaƙi da jahilci yana iya yin wannan aiki da kansa.

Tsohon akwati da aka ciro daga wata mota ya fi araha, amma a yi hankali. Yana zuwa da lambar waccan mota da makullinta cikin kansa, kuma ba kowane ake iya gogewa ba. A yi magana da mai sayarwa gaban shaida, cewa idan bai yi ba za a mayar.

Ɗaurawa ba wuya. A kashe mota, a zare makulli. A cire baƙar wayar batir, a dakata ƴan mintoci. A zare wayoyin akwati a hankali, haƙoransu ba su da ƙwari. A ɗaura sabo. Amma kafin a ɗaura, dole a toshe inda ruwa ke shiga, a gyara wayar da ta ƙona na farko. In ba haka ba, sabon ma zai bi sahunsa.

Saura aiki ɗaya, shi ne wanda ake mantawa. A motoci da yawa sabon akwati baƙo ne, bai san motar ba, bai san makulli ba. Sai an jona kwamfuta an koya masa. Wannan ba ya yiwuwa gindin bishiya a tashar ƙauye. Sai garajin da ke da na'urar, a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Don haka idan mota tana iya tafiya, a kai ta can da rana kafin a kwance komai. A tafi da dukkan makullan motar, don wanda ba a koya wa akwati ba yana iya daina tada inji. Tsohon akwatin ma kada a yar da shi. Wani lokaci daga cikinsa ake kwaso bayanin da za a zuba wa sabon.