Wane littafin girki ne ya cancanci kuɗinki?

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata shekara na je Yamai, na tarar da mai sayar da littattafai a bakin titi, na sayi littafin girki na Faransanci mai hotuna masu ɗaukar ido. Da na dawo gida sai na ci bashi a asusu, wai zan yi gato in sayar a wajen biki. Littafin ya ce giram kaza na fulawa, giram kaza na bota, a gasa a zafi 180. Ni kuwa ba sikeli, ba tanderun zamani, sai tukunya da yashi da gawayi. Ƙasa ya ƙone, tsakiya ɗanye. Ƙwai da sukari suka tafi a banza, bashi kuwa yana nan yana jirana ranar zubi.

Littafin bai yi ƙarya ba, ba don madafina aka rubuta shi ba ne kawai. Tun daga ranar, kafin in fidda ko dala, tambaya huɗu nake yi wa kowane littafi.

Ta farko: kayan da yake kira suna cikin kasuwarmu? Buɗe shafi biyar ki duba. In kin ga hatsi, dawa, wake, gujiya, yakuwa, kuka, kuɓewa, zogala, daddawa, albasar Galmi da tattasan Diffa, to naki ne. In kuwa kowane girki sai kin aika babban kanti, mayar da shi inda kika ɗauko.

Ta biyu: da me yake awo? Mu da tiya muka saba, da ludayi, da gwangwanin tumatir, da kofin shayi. In littafin da giram yake magana, riƙe wannan: tiyar hatsi ta kai kimanin kilo 2 da rabi, babban cokali yana cin mililita 15, ƙaramin cokalin shayi mililita 5. Ki rubuta su a bangon littafin, ki huta.

Ta uku: wace wuta yake nufi? Girkin da aka tsara don gas ba ya tafiya daidai a kan murhun itace. Nemi wanda ke gaya miki alamar nuna, kamar launi, ƙamshi ko kauri, don minti goma na gas daban yake da minti goma na kara.

Ta huɗu: ya tuna da yara da lokacin ƙarancin abinci? Littafi na gari zai faɗa miki cewa daga wata 6 yaro na bukatar ƙarin abinci tare da nono, kuma kunun hatsi zalla mai ruwa-ruwa bai isa ba. Garin Misola da ake ba yara, alal misali, kashi 60 cikin 100 hatsi ne, 20 waken awara, 10 gujiya, saura sukari da ɗan gishiri mai ayodin. Zai kuma gargaɗe ki kada ki sa gujiyar da ta yi fumfuna, don tana ɗauke da dafi mai lalata hanta, ya koya miki shanya zogala a inuwa don kada rana ta cinye amfaninta.

To, gaskiya littafin da zai cika sharuɗɗan nan huɗu, kuma da Hausa, yana da wuyar samu a Maraɗi ko Tawa. Amma duba da'irar da muke zama kowane mako. Ga wadda ta iya alkaki irin na Damagaram, ga wadda ta koyo kopto a Yamai, ga gwanar dambu, ga Inna da ta san yadda ake gyara tafasa har yara su ci suna neman ƙari. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai duk ilimin nan a ka yake, ranar da tsohuwa ta kwanta dama, miyarta ta bi ta.

Tun 1991 da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, mun nuna cewa za mu iya riƙe lissafin zubi da bashi ba tare da ko sisi ya ɓata ba. Mai iya riƙe wannan ba za ta kasa riƙe kaye guda na girki ba. Ku sayi kaye mai bango mai ƙarfi da bik. Bayan zubi, a ɗauki minti goma, mace ɗaya ta faɗi girki ɗaya, marubuciyar ƙungiya ta rubuta, da boko ko da ajami. Wadda ba ta karatu, a ɗauki muryarta a waya.

Kowane shafi ya ƙunshi sunan girkin da sunan mai shi, kayan haɗi da awonmu na gida, mutum nawa zai ciyar, da kuɗin da ya ci a ranar. Wannan na ƙarshen kada a manta da shi, musamman ga masu sana'ar waina, ƙosai ko awara: shi zai nuna miki ko riba kike ci ko kuwa wahala kike sha a banza. Kada a shigar da girki sai wata daban ta gwada shi a gidanta ya yi daidai. In mako bai tsallake ku ba, shekara guda ta ba ku girki 52.

Littafin nan nawa na Faransanci har yanzu yana cikin akwati, jikoki na kallon hotunansa. Kayenmu kuwa duk ya sha manja da hayaƙi, kuma ranar da aka kai 'yata ɗaki, shi muka kwafa muka sa mata cikin kaya. Ku kawo maganar a zamanku na wannan mako, a fara da wadda ta fi kowa shekaru. Allah ya sa albarka a tukwanenmu, amin.